Hauka a Matsayin Sakayya: Nazarin Taɓuwar Hankali a Ƙagaggun Labaran Hausa ta Mahangar Fiƙihu

 

Duk wanda ya daɗe yana karanta ƙagaggun labaran Hausa, ko yana kallon finafinan da ake shiryawa a Kano, ya san wani irin ƙarshe da ya zama kamar gado a tsakanin marubuta. Azzalumin miji, ko kishiya mai bin bokaye, ko attajirin da ya cinye dukiyar marayu, za a bar shi ya yi ta ta'asa har labari ya kusa ƙarewa, sai a wayi gari ya tuɓe riga ya shiga bola yana tsince-tsince, yara na biye da shi da jifa. Makaranci ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhaki ya kama shi, ya rufe littafi yana jin an yi adalci. Wannan maƙala tana tuhumar irin wannan ƙarshe ta fuska biyu. Ta fuskar adabi, hanya ce mai arha da marubuci ke bi ya kauce wa aikin da ya fi wuya, wato nuna yadda zuciya ke ƙuna da yadda hankali ke zaizayewa sannu a hankali. Ta fuskar addini kuwa, ya saɓa wa matsayin da shari'a ta ba mai taɓin hankali, domin shari'a ta ɗauke shi majinyaci, labari kuma ya mayar da shi mai laifin da aka yanke wa hukunci.

Ya dace a fara da ma'aunin da ya fi kowane ma'auni. Ƙissar Annabi Yusufu (AS) gaskiya ce daga Allah, ba a gwama ta da ƙagen ɗan Adam, amma marubuci Musulmi ba shi da makarantar da ta fi ta wajen koyon yadda ake bayyana baƙin ciki mai tsanani. A aya ta 84 ta surar, labarin da aka kawo wa Annabi Yaƙubu (AS) na tsare ƙanin Yusufu ne a Masar, amma da ya juya musu baya sunan Yusufu ya kira. Sabon rashi ya tayar da tsohon miki. Idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, alhali yana haɗiye abin da ke cikinsa. 'Ya'yansa suka ji tsoron kada ambaton Yusufu ya ƙarar da shi ko ya halaka shi, shi kuwa ya sanar da su cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa, sannan ya tura su neman yaran biyu, ya hana su yanke ƙauna. Daga baya, da ayari ya baro Masar ya ce yana jin ƙanshin Yusufu, shi da kansa ya san za a iya cewa ruɗin tsufa ne, kuma waɗanda ke tare da shi haka suka ɗauka. Mai karatu ya san shi ne mai gaskiya. A nan an ga baƙin cikin da ya kai ga taɓa jiki, an ga mutanen gida suna zargin hankali, amma hankalin yana nan daram, imani kuma bai girgiza ba. Haka aka siffanta zuciyar mahaifiyar Annabi Musa (AS) a cikin Suratul Ƙasas, da ta wayi gari babu komai a cikinta sai tunanin ɗanta, har ta kusa tona asiri ba don Allah ya ƙarfafe ta ba. Haka kuma Nana Maryamu a lokacin naƙuda ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Babu ɗaya daga cikinsu da aka zarga saboda tsananin abin da ya ji.

Abin da ya kamata manazarci ya ɗauka daga nan shi ne, tsananin motsin rai daban, gushewar hankali daban, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Malaman usulul fiƙihi sun auna wannan tafiya zango-zango a babin abubuwan da ke bijiro wa cancantar mukallafi. Sun raba hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya, suka ce mai na biyun idan ya farfaɗo hukuncinsa na masu hankali ne. Sun ware atahu, wato raunin hankalin da ke sa maganar mutum ta cakuɗe, wani sashe irin na masu hankali wani sashe ba haka ba. Sun ware suma, da maye, da ɗimuwar da ke kama mutum saboda firgita, da wautar kashe dukiya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya rubuta risala guda a kan sakin mai fushi, inda ya kasa fushi kashi uku: na farko wanda mai shi ya san abin da yake faɗa, na ƙarshe wanda ya rufe masa ido har bai san me ya fito daga bakinsa ba, da na tsakiya wanda a kansa malamai suka yi saɓani. Ko da yake Malikawa sun fi shi tsanantawa wajen zartar da sakin mai fushi, abin lura a nan shi ne natsuwar da aka yi wajen kallon zuciyar mutum. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani.

Harshen Hausa ma bai gaza ba. Akwai damuwa, akwai ƙunci, akwai ɗimuwa da gigita, akwai waswasi, akwai zautuwa, akwai sambatu, akwai ruɗin tsufa, kafin a kai ga cewa wane ya zare. Abin takaici shi ne malamin fiƙihu da tsohuwar da ke cikin gida duk sun fi marubucin labari yawan kalmomi a wannan fage, alhali shi ne sana'arsa ta fi buƙatarsu.

Tun farkon ƙagaggen labarin Hausa na boko an sami misalin da ya fi wanda ake gani yau. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, labari ne na lalacewar zuciya. Abubakar saurayi ne mai son Zainab, Malam Shaihu mai dukiya ya raba shi da ita, ya aure ta yana neman haihuwa. Abubakar bai haukace ba a ma'anar da fiƙihu ya sani. Abin da ya same shi ya fi haka ban tsoro: tunani guda ya mamaye shi, ya bar gari, ya sha wahalar tafiye-tafiye yana neman asirin ramuwa, har ƙuruciyarsa ta tafi a kan hanya. Da ya samu, bai sauke shi a kan wanda ya cuce shi kai tsaye ba, ya sauke shi a kan yaro Kyauta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, yaron ya zama ɓarawo, a ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa. Ƙarfin littafin yana cikin cewa a kowane mataki Abubakar yana da damar ya juya, bai juya ba. Makaranci yana tausaya masa a farko, yana tsoronsa a tsakiya, kuma ba zai iya nuna shafin da tausayin ya koma tsoro ba. Wannan shi ne zaizayewa ta gaskiya. Kuma da yake hankalinsa bai gushe ba, alƙalami bai ɗaga daga kansa ba, don haka labarin yana da nauyin hisabi. Rauninsa shi ne asiri ne ya lalata Kyauta, ba tarbiyya ko zaɓinsa ba, sai yaron ya zama makami kawai a hannun labari. Wannan raunin ne marubutan baya suka fi gada, suka bar ƙarfin.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, mahaifiyar Umar ce ke ɗauke da zafin labarin. Ta fita neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara da ita Sahara, ta rame ta lalace, ta gan shi, ta rasu. Marubucin bai tsaya yana ƙirga hawayenta ba, tafiyar ce ta faɗi komai.

Littafin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rowa ga iyalinsa. Matarsa Rabi tana da 'ya'ya tara, ita ke cike gurbin abin da ya gaza. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, 'yarta Saudatu ta auri attajiri Alhaji Abubakar. Daga nan gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, asara ta bi asara, Delu ta juya masa baya, hankalinsa ya taɓu.

Wajen bayyana abin da ke cikin zuciyar Rabi, da wuya a sami marubucin Hausa na zamaninta da ya kai Balaraba. Ba ta dogara da cewa zuciya ta yi ƙuna ko hawaye sun zubo kamar ruwan sama. Tana nuna ɓacin rai ta hanyar kuɗin cefanen da bai isa ba, da kuɗin makarantar yara, da tukunyar da dole a ɗora ko an yi kuka ko ba a yi ba. Duk macen da ta taɓa riƙe gida a Birnin Kudu ko Gwaram za ta gane wannan lissafi, domin baƙin cikin talaka ba ya samun hutun da zai zauna ya yi ta kallon bango. Ta kuma yi wa Alhaji Abdu adalcin da yawancin marubuta ba sa yi, domin ta ba taɓuwarsa dalilai da hankali zai karɓa. Mutumin da ya gina mutuncinsa gaba ɗaya a kan rumfa da kuɗi, idan suka tafi dare ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya rasa inda zai tsaya. Wannan shi ne kashin farko na al-Balkhi, baƙin ciki mai sanannen dalili, ba jifa ba, ba kurciya ba.

Sai dai ma'auni bai daidaita ba. An shiga cikin Rabi an zauna, shi kuwa Alhaji Abdu daga waje aka fi kallon faɗuwarsa, kuma sunan littafin ya riga ya gaya wa makaranci yadda zai fassara ta: alhaki ne ya biyo ubangidansa. A nan matsalar fiƙihu take. Hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya tabbatar da cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mai taɓin hankali har ya warke. Idan haka ne, haukatar da azzalumi ba hukunta shi ba ne, fitar da shi ne daga fagen da ake tambaya. An rufe masa ƙofar nadama, domin tuba aiki ne na mai hankali: ya gane laifinsa, ya ji zafinsa, ya mayar da haƙƙi, ya ƙudurta ba zai koma ba. Babu wani fage da ya fi wannan wuyar rubutawa, kuma babu wanda makaranci Musulmi ya fi buƙatar gani. Marubucin da ya aika mugu bola ya tsere wa rubuta shi.

Sannan wa azabar take sauka a kansa? Wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali ya san amsa. A kan uwa take sauka, da mata, da 'ya'ya. Abin yabo ne cewa Balaraba ta ga wannan, kuma shi ya ɗaga ƙarshen littafinta sama da na masu kwaikwayonta. Maza na dangi suka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, a daidai lokacin da ta fara shan iska. Kuykuyon ya bi ubangidansa, amma a ƙofar Rabi ya kwanta. Ɗalibin fiƙihu zai lura cewa al'ada ce ta yi wannan hukunci, ba shari'a ba. Bazawarar da iddarta ta cika ita ke da ikon kanta, ba a ɗaura mata aure sai da yardarta. Ko da auren yana nan, mazhabar Malikiyya ta lissafa hauka cikin aibobin da ke ba da zaɓi, alƙali ya jinkirta wa miji shekara guda don neman magani, idan bai warke ba mace ta zaɓa. Ciyar da uba matalauci kuwa wajibi ne a kan 'ya'yansa mawadata, ba a kan matar da ya saka ba. Littafin bai faɗi wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya zama Risala ko Mukhtasar, amma ya ajiye tambayar a inda malami ba zai iya kauce mata ba.

Mai ja zai ce: ashe saɓo ba ya da uƙuba tun a duniya? Ashe Ibnul Ƙayyim ɗin da aka ambata bai lissafa illolin zunubi ga zuciya da basira a littafinsa Adda'u wad Dawa'u ba? Ashe sihiri da shafar aljanu ba gaskiya ba ne a wurin Ahlus Sunna? Duk wannan haka yake, kuma ba a musa shi a nan. Allah yana kama azzalumi da abin da Ya ga dama. Abin da ake musu shi ne ɗan Adam ya karanta hukuncin Allah a jikin wani ya ce wannan ciwo sakamakon wancan laifi ne. Wannan gaibu ne. Cuta tana zama kaffara, tana zama ɗaukakar daraja, tana samun salihi kamar yadda take samun fajiri, kuma Alƙur'ani ya ambaci mayar da wasu mutane zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har su manta abin da suka sani, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ba tare da ya kira shi uƙuba ba. Idan labari ɗaya ya haukatar da mugu, ba laifi. Idan labarai ɗari suka yi haka, kuma babu ɗaya da ya nuna mahaddaci mai tsoron Allah ko uwa ta gari da ciwon ya kama, to an koya wa al'umma wata aƙida a ɓoye: duk wanda ka gani a bola, akwai abin da ya aikata ko aka aikata masa.

Wannan aƙida tana da farashi, kuma ba a cikin littafi ake biyan sa ba. Iyalin da suka yarda cewa ciwon ɗansu tonon asiri ne za su ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Waɗanda suka yarda jifa ne kawai za su ƙarar da abin hannunsu wajen masu karya sammu, su zargi kishiya ko maƙwabci, zumunci ya lalace, ciwo kuma ya yi nisa. A watan Satumba na 2019 a Kaduna, da watan Oktoba a Daura da Katsina, jami'an tsaro sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai mafi yawansu da hannunsu suna neman gyara. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Wannan jinkiri abin kunya ne ga al'ummar da magabatanta suka keɓe wa masu wannan ciwo sashe a asibitin Mansuri na Alƙahira tun 1284, kuma malamanta, daga Gazali zuwa Shaɗibi, suka sanya kiyaye hankali cikin manufofi biyar na shari'a. Ruƙya ta shari'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, marubuta ne suka fi son nuna ɗaya su manta ɗaya, domin fagen aljani mai magana da bakin budurwa ya fi layin karɓar magani jan hankalin mai kallo.

Shari'a ba ta zubar da mutuncin mai taɓin hankali ba. Abin da ya faɗi daga kansa shi ne cancantar zartarwa, amma cancantar mallakar haƙƙi tana nan: yana gado, ana gadonsa, waliyyinsa yana fitar da zakka daga dukiyarsa a wurin Malikawa, idan ya rasu a yi masa wanka da salla kamar kowane Musulmi. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, na matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW). Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi abu guda, a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ciwon ya tashi, ya kuwa yi mata. Farfaɗiya ba hauka ba ce, amma roƙon nata ya shafi duk wanda ciwo ke raba shi da ikon kansa. Sutura ta nema. Marubucin da ke yaga wa tauraronsa riga don a yi dariya ko a ji sanyin ramuwa ya yi akasin abin da aka yi mata. Suturtawa a rubutu ba ɓoye ciwon ba ne, a shiga ciki ne a nuna mutumin da ke nan har yanzu: daren farko da barci ya ƙi zuwa, raka'ar da aka maimaita sau huɗu saboda waswasi, lokacin da ya farfaɗo ya ga idon 'yarsa ya gane ta ji tsoronsa.

Kayan wannan labari suna nan zube a kudancin Jigawa, ba a taɓa su ba. Manomi a wani ƙauyen Gwaram wanda ɗansa ya dawo daga ci-rani ya daina magana, zai fara da malamin unguwa, ya sayar da akuya, sannan ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Idan aka tura su gaba, sai su bi ta Wudil su shiga Kano zuwa Dawanau, ko su zarce Kazaure a can ɗaya gefen jihar, uban yana riƙe da hannun saurayin da ya fi shi ƙarfi a cikin motar haya, yana lissafin kuɗin komawa, sauran fasinjoji kuma suna matsawa gefe.